Daga Manchester Zuwa Bariki: Inda Turanci Ya Samo Sunayen Ganuwa Da Sansani

Idan ka shiga gidan kallon ƙwallo ranar Asabar, ko a Agege ne, ko Sabon Ibadan, ko Ama Hausa ta Owerri, sunayen da za su cika maka kunne ba sa wuce Manchester, Newcastle, Arsenal, Everton da Leicester. Idan ka fito ka nemi mota a Legas za ka ji kwandasta na ihun "Barracks", a Fatakwal kuma "Garrison". Yawancinmu mun ɗauke su a matsayin sunaye kawai, kamar yadda ake kiran mutum Tanko ba tare da an tuna cewa asalin sunan na yaron da aka haifa bayan 'yan mata ba ne. Alhali kusan dukkansu kalmomin tsaro ne. Wani sunan sansanin soja ne, wani na gidan ƙera makamai, wani kuma na shingen da ake kewaye gida da dabbobi da shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, Turawan Ingila da suka mulki ƙasashe barkatai, mafi yawan waɗannan kalmomi aro suka yi. Kowace ta shigo ne tare da wasu mutane da suka ci su da yaƙi ko suka ba su tsoro. Kuma idan ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace tana gaya maka wa aka gina wa katangar, wa kuma aka bari a waje. Mu da muke zaune a garuruwan wasu, ina ganin wannan magana ta shafe mu.

Bari mu fara da tasu ta gado. Kalmar "town" da aka koya mana a firamare cewa gari ke nan, a tsohon Turanci "tun" ake cewa, kuma ma'anarta shinge, ko filin da aka kewaye. Har yau a Jamusanci 'yar uwarta "Zaun" na nufin shinge, a harshen mutanen Holan kuma "tuin" lambu ne. Wato mutum ya kafa danga ya zuba iyalinsa da shanunsa a ciki, shi ke nan ya yi "tun". Sannu a hankali gidan gona ya zama ƙauye, ƙauye ya zama gari, sunan ya bi shi. Shi ne wannan "ton" da ke ƙarshen Everton, Brighton, Southampton, Luton da Bolton. Aston ta Aston Villa ma'anarta shingen gabas. Mu ma muna da irin wannan. Kafi shi ne shingen itatuwa da ake kafawa don tsaro, daga nan aka samu Kafin Hausa da Kafin Madaki, kuma Keffi ma kafi ce bakin Bature ya lanƙwasa ta.

Kalmar "wall" kuwa, duk da cewa ta yi kama da ta gida, ta Rumawa ce. Sojojin Daular Rum suna da wata al'ada: duk inda dare ya yi musu a hanyar yaƙi sai sun haƙa rami sun kewaye kansu, su tara ƙasar da suka haƙo ta zama tudu, su kakkafa turaku masu tsini a kai. Turke ɗaya sunansa "vallus" a Latin, tudun gaba ɗaya da turakunsa "vallum". Kakannin Ingilishi sun ga wannan tun suna yankin Jamus, kafin ma su ƙetara teku zuwa Birtaniya, suka ɗauki kalmar ta koma "wall". Saboda haka katangar da ake yi da bulo da siminti yau, asalin sunanta jerin turaku ne. Hatta "interval", hutun da ake yi a tsakiyar wasa ko taro, asalinta tazarar da ke tsakanin turakun ko tsakanin ganuwa da tantunan soja ce.

Rumawa sun shiga Birtaniya a shekara ta 43 Miladiyya, suka zauna har wajen 410. Sansaninsu suna kiransa "castra". Bayan sun tafi, Ingilishi da suka zo daga baya suka tarar da kufai na dutse, su kuwa magina katako ne, sai suka riƙa kiran duk irin wannan wuri "ceaster". Shi ne ya rabu gida uku bisa lafazin yanki: "chester" a Manchester da Winchester, "caster" a Lancaster da Doncaster, "cester" a Leicester da Gloucester. Manchester ta taso ne daga wani sansani mai suna Mamucium da Rumawa suka kafa wajen shekara ta 79. Garin Chester ma ba a wahalar da kai ba, aka bar shi da sunan Sansani kawai. Larabawa su ma sun ari wannan kalmar ta Rumawa, ta zama "ƙasr", wato fada ko babban gini, kuma da suka mulki Andalus suka bar wa Sifaniyawa ita a matsayin "alcázar".

To, yanzu ga wadda na fi so a tsaya a kai, wato "burh".

A ƙarni na tara wasu mahara daga Danmak da Nowe, waɗanda ake kira Vikings, sun addabi Ingila. Jiragen ruwansu na iya shiga koguna, su faɗa wa gari da asuba, su kwashi dukiya da mutane, kafin sarki ya tara runduna sun yi gaba. Masarautun Ingilishi suka yi ta faɗuwa har saura Wessex ta Sarki Alfred, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899. Bayan ya samu nasara a kansu a Edington a 878, ya gane cewa cin yaƙi ɗaya ba zai hana su dawowa ba. Sai ya sa aka yi wa garuruwa ganuwa a faɗin ƙasarsa, aka tsara su yadda kusan babu ƙauyen da ya yi nisan da ya wuce kilomita 30 daga ɗaya, wato tafiyar yini guda. Irin wannan gari shi ne "burh", kuma kalmar dangin wani tsohon fi'ili ce mai ma'anar karewa ko ba da mafaka.

Akwai wata tsohuwar takarda da masana ke kira Burghal Hidage wadda ta lissafa irin waɗannan garuruwa fiye da 30, ta kuma faɗi yadda ake kula da su. An raba ƙasar noma kashi-kashi, kowane kashi wajen gonar da za ta ciyar da gida guda, kuma kowane kashi zai ba da mutum ɗaya. Mutum huɗu ke tsaron duk wajen mita biyar na ganuwa, su ne kuma masu gyaranta. Winchester kaɗai an rataya mata kashi 2400. Kun ga ke nan ganuwar ta kowa ce. Manomin da ke ƙauye shi ya haƙa ramin, shi ke gadi, kuma ranar da mahara suka zo nan zai gudo da iyalinsa da abin da ya iya korowa na dabbobi. Duk wanda ya san yadda ganuwar Kano ko ta Zariya ta haɗa har da gonaki a cikinta, da yadda ake fitowa aikin gayya a gyara ta bayan damina, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Birni ke nan.

Wannan kalma ta hayayyafa sosai. Ita ce "bury" ta Canterbury da Salisbury, ita ce "burgh" ta Edinburgh, ita ce "brough" ta Middlesbrough. Ita ce kuma "borough", wadda yanzu ta koma kamar ƙaramar hukuma: Landan na da 32, New York na da biyar. A Jamus 'yar uwarta ce ke cikin Hamburg, daga Hamburg aka samu "hamburger", aka gutsure ta koma "burger" ɗin da yara ke nema a gidajen cin abinci. Ɓarawon da ke fasa gida, "burglar", shi ma daga wannan dangi sunansa ya fito, don haka ƙarfen "burglary" da muke sa wa tagogi yana da dangantaka da Edinburgh ta nesa.

Amma reshen da ya fi nauyi shi ne na mutane. Wanda yake cikakken ɗan "borough" ana kiransa "burgess". A Faransanci "bourgeois", a Jamusanci "Bürger", wadda har yau ita ce kalmarsu ta ɗan ƙasa. Wato a wurinsu zama ɗan ƙasa ya faro ne daga zama a cikin ganuwa da ɗaukar nauyinta. "Burgess" na da 'yancin yin kasuwanci ba tare da biyan kuɗin ƙofa ba, ana yi masa shari'a a kotun garinsu, yana da baki a al'amuran gari. Wanda yake waje kuma fa? Shi ne "foreign", daga kalmar Latin "foris", ma'ana wajen ƙofa. A wancan zamani ba sai ka zo daga wata ƙasa ake kiranka haka ba, ko daga ƙauyen da ke bayan ganuwa ka zo kai "foreign" ne, ka biya kuɗin shiga kasuwa. Har yanzu akwai wani ƙauye a kudancin Ingila kusa da garin Rye mai suna Rye Foreign. Bakano zai gane wannan nan take, domin Fagge da Sabon Gari da sauran unguwannin bayan ganuwa sunansu Waje.

Sai dai akwai wata ƙa'ida a wasu garuruwan Ingila da ta tsaya mini a rai. A dokokin garin Newcastle na ƙarni na goma sha biyu, idan talakan da ke ɗaure a gonar wani ubangida ya shigo gari ya zauna shekara guda da kwana guda a matsayin ɗan gari, ubangidansa bai zo ya neme shi ba, to ya zama ɗan gari, babu mai mayar da shi. Shekara guda da kwana guda. Ba ina cewa garuruwan nan aljanna ba ne. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na danne baƙi, kuma a 1290 sarkin Ingila ya kori Yahudawa kaf daga ƙasar duk da daɗewar da suka yi. Amma dai suna da ƙofar da baƙo zai bi ya daina zama baƙo, kuma an ƙayyade mata lokaci. Mu a nan akwai wanda a Sabo aka haifi kakansa, Yarabanci ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa, yana biyan haraji da kuɗin rumfa a nan, amma ranar da zai nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati sai a ce ya je ya kawo takardar shaidar asali daga wata ƙaramar hukuma a Arewa da bai taɓa kwana a cikinta ba. Haka kuma Ibo ko Bayaraben da aka haifa a Sabon Garin Kano yake fama. A wannan fanni dai dokar mutanen shekara 800 da suka wuce ta fi tamu sauƙi.

Daga nan sai labari ya juya. A ranar 14 ga Oktoba 1066 William, shugaban Normandi da ke arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a Hastings, aka kashe Sarki Harold. Mutanensa 'yan dubbai ne a cikin al'ummar da ba ta son su. Abin da suka zo da shi don su zauna daram shi ne "castle".

Asalin kalmar Latin ce, "castellum", ƙaramin "castrum", wato ƙanwar "chester" ce da ta biyo ta Faransa ta sake shigowa bayan ɗaruruwan shekaru. Faransawa daga baya suka tauna tasu ta zama "château". Amma abin da take nufi ya sha bamban da "burh". Shi "castle" gidan mutum ɗaya ne, ubangida da iyalinsa da mayaƙansa. Ba a gina shi don talakan gari ya fake ba, an gina shi ne don a sa wa talakan ido. Tun a 1051, kafin cin ƙasar, marubutan tarihin Ingilishi sun yi ƙorafi a kan wani da wasu Faransawa abokan sarki suka gina a yankin Hereford, saboda irin cutar da mutanen cikinsa ke yi wa jama'a. Bayan 1066 kuwa sai suka bazu ɗaruruwa. A garuruwa da dama a tsakiyar unguwa aka dasa su. Littafin Domesday, ƙidayar dukiya da William ya sa aka yi a 1086 don haraji, wadda a wasu yankuna har dabbobi ta ƙirga kamar zamanin jangali, ya nuna cewa a Lincoln gidaje 166 aka rushe don a samu filin "castle". Newcastle ita ma haka ta samu suna: Robert, babban ɗan William, ya gina sabo a bakin kogin Tyne a 1080, aka yi ta cewa sabon "castle" har ya bi garin. A Landan kuma suka tayar da Farar Hasumiya, har da dutsen da aka ɗauko daga Caen ta Normandi, a gefen birni inda kowa zai ɗaga kai ya gan ta.

Na farko-farkon ba na dutse ba ne. Rami ake haƙawa a zagaye, a tara ƙasar a tsakiya ta yi tsauni, a ɗora hasumiyar katako a kai. Tsaunin sunansa "motte". Abin dariya, da kalmar ta zauna a bakin Ingilishi sai ta zame daga tsaunin ta faɗa ramin, ta zama "moat", gwalalon da ke kewaye da ganuwa. Ba abin mamaki ba ne, domin aikin ɗaya ne, ba ka samun tudu sai ka yi rami. Haka "ditch" da "dike" suke, kalma ɗaya ce a tsohon Turanci, yanzu ɗaya rami ɗaya tudu. 'Yan uwanmu na Benin sun san abin da ake kira Benin Moat, wanda mutanen Edo ke ce wa "iya", rami da tudu a haɗe. Na yankin Ijebu kuma akwai Eredo ta Sungbo mai tsawon wajen kilomita 160.

Filin da ke gindin tsaunin, inda ake ɗaure dawakai da ajiye hatsi, shi ne "bailey". Babbar kotun manyan laifuka ta Landan, Old Bailey, ta samu sunanta daga titin da ya bi jikin tsohuwar ganuwar birnin. Babbar hasumiyar da ubangida ke zaune a ciki kuma ita ce "donjon", daga "dominus", wato ubangida. Da masu mulki suka samu kwanciyar hankali suka koma gidaje masu daɗin zama, sai tsofaffin hasumiyoyin suka zama wurin tsare fursunoni, kalmar ta gangaro daga saman bene zuwa ƙarƙashin ƙasa ta zama "dungeon", kurkuku mai duhu. Sai a ƙarni na goma sha shida Ingilishi suka laƙaba wa hasumiyar suna da harshensu, "keep".

Tunda gidanmu na fatauci ne ba zan wuce wannan ba. Mulkin Normawa ya sa Faransanci ya zama harshen fada kusan shekara 300, kuma ana ganin sawunsa har a mahauta. Dabba tana da rai a hannun makiyayi sunanta na Ingilishi ne, "cow", "calf", "sheep". Da ta isa teburin masu gida sai ta koma Faransanci, "beef", "veal", "mutton". Ita kanta "cattle" Normawa ne suka kawo ta, kuma da farko dukiya take nufi kowace iri ce. Tushenta ɗaya da "capital", jari, daga kalmar Latin ta kai, kamar yadda muke ƙirga shanu da kai a kara. Ta yi kama da "castle" a rubuce amma ba su haɗa komai ba.

Zuwan albarushi ya sake kawo wasu baƙin kalmomi. A 1453 manyan igwoyin Turkawa suka fasa ganuwar Kustantiniya, a 1494 kuma sarkin Faransa Charles na takwas ya ratsa Italiya da igwoyi yana rusa katangun da a da sai an yi watanni ana kewaye da su. Doguwar katangar dutse ta zama abin banza. Italiyawa ne suka fara gano magani: a yi ta gajera, mai kauri, a cika ta da ƙasa don ta shanye harsashi, a fitar mata da kusurwoyi masu tsini yadda masu tsaro za su iya harbin duk wanda ya matso gindinta. Ƙasa kam tana shanye harsashi. Ko a 1903 da sojojin Lugard suka zo Kano, igwoyinsu ba su yi wa jikin ganuwar wani abin kirki ba, ƙofa suka fasa suka shiga. Tunda magina na Italiya ne, sunayen ma nasu ne. "Bastion" ita ce kusurwar mai tsini. "Parapet" daga "parapetto", kare ƙirji, ɗan bangon da mai harbi ke laɓewa a bayansa. "Citadel" daga "cittadella", ƙaramin birni a cikin birni. "Fort" da "fortress" sun riga su shigowa ta Faransanci, daga "fortis", mai ƙarfi, dangin "force" da "comfort".

Magoya bayan Arsenal, ga taku. A birnin Venis akwai wata katafariyar ma'aikata ta ƙera jiragen yaƙi da makamai da suke kira "arsenale". Sun aro sunan ne daga Larabci, "dar as-sina'a", gidan ƙere-ƙere. Wannan "sina'a" ita ce dai sana'a da muke faɗa kullum a Hausa, mu ma daga Larabci muka same ta. Ingilishi suka ɗauka suka sa wa ma'aikatar makamansu ta Woolwich suna Royal Arsenal, ma'aikatanta suka kafa ƙungiyar ƙwallo a 1886, shi ya sa har yau igwa ce tambarinsu. Gidan sana'a ke nan ake yi wa ihu duk mako. "Magazine" ita ma Larabci ce, "makhazin", rumbuna. Ta fara da ma'ajiyar albarushi, ta zo ta zama gidan harsashin bindiga, ta kuma zama mujalla, rumbun labarai.

Wasu kalmomin sun yi ritaya daga aikin soja. "Bulwark" ta fito daga harshen Holan da Jamus, ganuwar da aka yi da gungume. Faransawa suka ara suka furta ta "boulevard". Daga 1670 Sarki Louis na goma sha huɗu ya sa aka rushe ganuwar Paris aka mayar da wurin faffaɗan titi mai itatuwa, sunan ya zauna wa titin, yanzu duk unguwar masu kuɗi sai ka ga "boulevard". "Barricade" daga "barrique" take, ganga. A watan Mayun 1588 mutanen Paris suka cika ganguna da ƙasa da duwatsu suka tare tituna don hana sojojin sarki wucewa. Duk direban tirela da ya taɓa ɗauko shanu daga Potiskum ko Maigatari zuwa kudu ya san cewa har yau ganga ce ake tare hanya da ita. "Bunker" kuwa kalmar mutanen Sikotilan ce ta benci ko akwati, ta koma rumbun gawayi a jirgin ruwa, daga nan zuba wa jirgi mai ya zama "bunkering", sunan da ya bi satar ɗanyen mai a Neja Delta. Ma'anarta ta maɓoyar ƙarƙashin ƙasa ta yaɗu ne a yaƙe-yaƙen duniya, irin wadda ke Umuahia da ake kira Ojukwu Bunker.

Da Turawa suka fito mulkin mallaka sai aron ya biyo ta Afirka, kuma a nan ma shingen shanu ne. "Kraal" ta Afirka ta Kudu da "corral" ta Amurka duk daga kalmar Fotigal da Sifaniya ta garke suke. Sai "zariba", wadda a Larabci take nufin shingen ƙaya da ake yi wa dabbobi. A Sudan fataken hauren giwa da bayi irin su Zubair sun mayar da ita sunan sansanoninsu, kuma a cikin irin waɗannan sansanoni Rabeh ya koyi yaƙi kafin ya zo ya ci Borno a 1893. Sojojin Ingila sun ɗauki kalmar sosai a yaƙinsu da mutanen Mahadi, domin su ma sai da suka koma saran ƙaya suna kewaye kansu, har a Omdurman a 1898. Shi Rabeh Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900, kwamandansu Lamy shi ma ya mutu a wannan yaƙi, aka sa wa sansanin da suka kafa a tsallaken kogi suna Fort Lamy. Sai a 1973 aka canza shi zuwa Njamena. A gaɓar tekun Ghana kuma "castle" da "dungeon" sun haɗu a gini ɗaya. Elmina, wadda 'yan Fotigal suka gina a 1482, gwamna na sama yana shan iska, bayi na ƙasa a ɗaure suna jiran jirgi. A 1873 Ingilishi suka juya igwoyi suka ragargaza garin Elmina da ke gindin ginin.

Saura waɗanda suka shigo har cikin Hausa. "Garrison" ta mahaɗar Fatakwal tsohon Faransanci ce mai ma'anar kariya da guzuri, daga baya ta koma sojojin da aka girke a gari. "Barracks" ta faro daga "barraca" ta mutanen Sifaniya, 'yar bukka ta wucin gadi da soja ko masunci ke kafawa, ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci a ƙarni na goma sha bakwai. A bakinmu ta zama bariki. Da farko wurin da Bature da sojojinsa suka sauka ne a bayan gari, inda hukuncin sarki da na iyaye bai cika kaiwa ba. Daga nan ma'anar ta yi ta faɗaɗa har aka samu zaman bariki, ɗan bariki, barikanci. Yau idan ɗayanmu ya je gida da Sallah aka ce ya zama ɗan bariki, kowa ya san ba yabo ba ne, ko da kuwa bai taɓa taka ƙofar Dodan Barracks ba, yana can Mile 12 yana sauke tumatir tun asuba.

"Cantonment" kuma, irin ta Ikeja, daga "canton" take, kusurwa ko yanki a Faransanci. A Indiya Ingilishi suka saba kiran unguwannin sojansu haka, suka zo mana da ita. Kowace irin wannan unguwa tana da jami'in da ke hukunci a cikinta, ba ruwansa da sarkin gari, sunan muƙaminsa Cantonment Magistrate. Kakanninmu suka ji abin ya yi musu tsawo suka datse shi ya koma kantoma, kuma shi ne sunan da har yau muke kiran wanda gwamna ya naɗa ya riƙe ƙaramar hukuma ba tare da zaɓe ba.